Inna da saƙon murya

Jiya bayan isha'i, a tsakar gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Ringim, Inna ta miƙo min wayar da Yaya ya aiko mata daga Legas. "Ɗan nan, nuna min inda zan danna ya ji ni." Na kama yatsanta da surfe ya yi wa kanta, na ɗora kan alamar makirfo a WhatsApp. Sau uku tana saki tun kafin ta gama sallama. A na huɗu ta riƙe gam, ta tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, har ta yi masa faɗan rashin zuwa da sallah.

Sai tsofaffin ƙasar Sin suka faɗo min a rai. Daga 1980 zuwa 2015 gwamnati ta taƙaita ma'aurata da yawa ga haihuwa ɗaya. Ɗan ya girma ya tafi birni neman aiki, iyaye na ƙauye suna jiran kiransa ta WeChat, manhajar kira da saƙo ta waya da ake amfani da ita a can. A 2013 har doka ta wajabta wa 'ya'ya ziyartar iyayensu tsofaffi.

Mu takwas Inna ta haifa, amma ni kaɗai ne a gabanta. Ba mu taɓa zama mun tsayar da wanda zai yi jinyarta ba in ciwon ƙafar nan ya kwantar da ita, balle kuɗin asibiti. Nauyin maganar muke ji, kamar muna yi mata mugun fata. A daren na tura tambayar a zauren 'yan'uwa na waya. Da asuba Yaya ya amsa: zai zo bayan girbin gero mu zauna, Inna ma ta faɗi abin da take so.