Injin da ya ɓare mini ciyawa a Kwara Kano, da wanda ya ƙarasa aikin

Duk mai ba da hayar ƙaramin injin ɗibar kaya a Yamai, in ka ce masa aikinka a kan gazon ne, wato ciyawar ado, amsa ɗaya zai ba ka: ɗauki mai sarƙar roba, ba ya nutsewa. Gaskiya ne, ba ya nutsewa. Amma ba wanda zai faɗa maka abin da yake yi wa ciyawa in ya zo juyawa, kuma wannan ne ya cinye mini ribar aiki guda sukutum. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Sana'ata shuka ciyawar ado da kula da lambunan gidaje. A wani gida a Kwara Kano, Alhaji ya so a gyara bayan gida kafin bikin ƴarsa: daɓen pabe (bulon shimfiɗa a ƙasa), yashi, takin gargajiya, da manyan bishiyoyin dabino da aka tono da ƙasarsu. Babbar mota ba ta wuce bakin ƙofa. Tsakanin ƙofar da bayan gidan kuwa sai filin ciyawar da ni da hannuna na shuka, irin da ake kira ƙiri-ƙiri ce, na raine ta cikin zafin Afrilu da Mayu, lokacin da rana take wuce digiri 40, ana ba ta ruwa safe da yamma. Baro zai iya kwashe yashi in akwai lokaci, amma baro ba ya ɗaukar dabino da tushensa, lokacin ma babu shi.

Mai hayar yana da iri biyu, dukansu mutane Bobcat suke ce musu, mai taya huɗu da mai sarƙar roba. Mai taya tun farko na cire shi daga lissafi, don na sha ganin sawun da yake bari. Game da mai sarƙa kuwa ya kawo mini hujja mai kama hankali. Ya ce, "Malam, nauyin mai taya a wuri huɗu ƙanana yake sauka, na wannan kuwa a shimfiɗe yake." Lissafinsa daidai ne. Mai taya yana danna ƙasa da abin da ya kai ko ya wuce kilo 2 a kowane murabba'in santimita, mai sarƙa bai kai rabin kilo ba, duk da cewa inji ne mai tan 3 zuwa 4.

Da ya shiga ya miƙe hanya, sai na ji daɗi. Ciyawar ta kwanta kawai, bayan wucewarsa ta fara ɗagowa. A ƙarshen filin akwai kwana inda dole a bi ta gefen ɗakin janareta. Direban ya ja sanda ɗaya gaba, ɗaya baya, injin ya juya a inda yake tsaye da bokiti cike da yashi. Da ya matsa, sai ga ciyawar ta naɗe gefe kamar tabarma, saiwoyinta farare a sama, ƙarƙashi yashi tsirara, da kan famfon fesa ruwa guda a karye yana tsiyaya. Na ɗaga masa hannu, amma kafin ya gan ni ya riga ya sake juyawa a wajen ƙofa.

Daga baya na zauna na fahimci injin. Ba shi da sitiyarin da yake karkata tayoyi. Ɓangaren hagu da na dama kowanne da gudunsa, in ana son juyawa sai ɗaya ya fi ɗaya sauri ko ya koma baya, sai injin ya goge ƙasa ta gefe har ya fuskanci inda ake so. Don haka ma aka ƙirƙiro shi. A 1957 wasu ƴan'uwa biyu, Louis da Cyril Keller, suka ƙera na farko a jihar Minnesota ta Amurka, don wani mai kiwon talo-talo da yake neman abin da zai juya cikin matsattsen ɗakin kiwo ya kwashe kashi. Mai taya huɗu ya fito a 1960. A ɗakin kiwo ko kan siminti wannan juyin alheri ne. A kan ciyawa kuwa, sarƙar da ta fi taya tsawo ta fi ta yawan wurin da za ta goge. Wato faɗin da ya hana shi nutsewa shi ne ya ƙara girman ɓarnar. Ƙasarmu ta Yamai ma ta taimaka masa: yashi ce, ba ta riƙe saiwa kamar laka, kuma ciyawar da ta saba samun ruwa kullum saiwarta ba ta yin zurfi. Ga shi mai gadi ya yi ban-ruwa da asuba kamar yadda ya saba, ƙasar ta yi laushi.

Alhaji ya fito ya tsaya ya duba. Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Malam, a nan fa za a shimfiɗa wa baƙi kujeru." Na ce, "Ranka ya daɗe, in Allah ya yarda kafin ranar za ta koma." Na faɗa ne, amma cikina ya ɗuri ruwa. Mai hayar da na kira shi cewa ya yi laifin direba ne, ai da ya yi juyi mai faɗi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ana iya rage ɓarnar in ana yin gaba a dawo baya kaɗan-kaɗan maimakon juyawa wuri ɗaya, ko a shimfiɗa katakon filawud mai kauri a wurin kwana. To amma a cikin gida mai katanga ta ko'ina, ina filin juyi mai faɗi? Kuma shi da ya san haka, me ya hana ya faɗa tun ina biyan kuɗi?

Wanda ya fitar da ni wani abokin sana'a ne da ya san wata gonar kaji a hanyar Kollo mai ƙaramin inji irin wanda yake lanƙwashewa a tsakiya. Irin su ne kamfanin Avant na Finlan da MultiOne na Italiya suke ƙerawa. Gangar jikinsa kashi biyu ce, gaba da baya, an haɗa su da ƙusa babba a ƙugu. In aka murɗa sitiyari jikin ne yake karyewa, tayoyin huɗu suna ci gaba da mirginawa, na baya suna bin sawun na gaba, babu wanda yake gogar ƙasa. Nauyinsa wajen tan 1 da rabi, faɗinsa ya ɗan wuce mita 1, kuma tayoyinsa masu faɗi ne masu ƙananan zane, ba masu manyan haƙora irin na tarakta ba. Na durƙusa a daidai kwanar ɗakin janareta, ɓangaren da ya tsira, ya wuce da pabe a kan ƙahonninsa. Na sa tafin hannu na shafa inda tayar ta bi. Ciyawar a kwance, amma ko ganye ɗaya bai tsinke ba. Wallahi a wurin na yi hamdala.

Shi ma yana da nasa aibin. Bai kai mai sarƙa ƙarfi ba, zuwa da dawowa ya ƙaru, pabe sai da muka riƙa rage shi. Kuma akwai abin da ya kamata kowa ya sani kafin ya hau: ƙarfin ɗaukarsa yana raguwa in ya lanƙwashe. Kayan da ya ɗauka lafiya lau yana miƙe, in ka karya shi gaba ɗaya da hannun a sama, tayar baya tana iya tashi. Da dabino mafi girma mun ga tayar baya tana neman ɗagowa, direban ya sauke hannun har ya kusa taɓa ƙasa, ya bi a hankali. Lambar da ake rubutawa a takardar inji ma sai an lura da ita. A Bobcat mai taya, kayan da aka yarda ya ɗauka rabin abin da zai kifar da shi ne, a mai sarƙa kashi 35 cikin 100. Masu lanƙwasa kuma sau da yawa nauyin kifarwar suke rubutawa, wani na miƙe, wani na lanƙwashe. In ba ka tambaya ba sai ka kwatanta lambobin da ba jinsi ɗaya ba ne. A bayan gidan, inda aka jibge yashi sako-sako, tayoyinsa sun riƙa tono, sai da muka jiƙa wurin muka shimfiɗa katako.

Ban ce mai sarƙa ba shi da amfani ba. In aiki ya kai ni lambunan bakin kogi ta wajen Harobanda a watan Agusta, ƙasa ta sha ruwa, babu ciyawar da ake tsoro, shi zan nema, don mai taya a nan zai kafe. In rusau ne ko kwasar tsakuwa a kan jar ƙasa mai tauri, mai taya ya fi, saboda tsakuwa tana cin sarƙar roba, kuma sarƙar ta fi taya tsada nesa ba kusa ba, sai an jira ta daga waje. Amma cikin gida mai gazon da kwana, ko kyauta aka ba ni mai sarƙa ba zai ƙetare ƙofa ba.

Gyaran ciyawar daga aljihuna ya fita. Abin da ya naɗe muka mayar da wanda zai mayu, sauran muka yanko daga gefen katanga muka dasa, muka sassauta ƙasar da ta danne, muka zuba yashi da taki, muka canza kan famfo. Ƙiri-ƙiri tana da kirki wajen yaɗo, ta rufe kafin biki, ko da yake ni da na san wurin ina ganin bambancin launi. Yanzu kafin kowane inji ya shiga, kwana biyu nake hana ban-ruwa, in kafa tsinke a kan kowane famfo da layin tiyo, in taka hanyar da ƙafa tare da direba in nuna masa inda zai juya.

Na fara tara kuɗin sayen mai lanƙwasa na hannu. Makanikin da nake shawara da shi ya ce in na samu, in fara da ƙusar ƙugun: a danna bokiti ƙasa har gaban ya ɗago, a murɗa sitiyari hagu da dama, in akwai wasa ko ƙara a mahaɗar to akwai kashe kuɗi a gaba. Sannan in duba lagireto da matatar iska, don ƙurar hunturu tana toshe su, injin ya riƙa zafi tun kafin azahar.