Filas Ɗin Gwaggo

Da asuba na bar Katsina da filas ɗin shayi a kan cinyata, sai dai ba shayi ba ne a ciki. Ƙanƙara ce da kwalabe huɗu na allurar insulin, na naɗe su a leda da tsumma kamar yadda mai kemis ya nuna mini. Na Gwaggo ne, yayar mahaifina, wadda aka kai aure Maraɗi tun ba a haife ni ba. Ta daɗe tana fama da ciwon suga, amma ba ta taɓa aiko a sayo mata magani daga wajenmu ba sai a watan Satumban 2023.

Mu a Katsina ba ma kiran zuwa Maraɗi tafiya. Tsakaninmu bai kai kilomita 100 ba. Ka karya kumallo a gida, ka yi azahar a can, ka dawo ka kwana a ɗakinka. Haka muka taso muka gani, har ranar 26 ga Yulin 2023, da dogaran fadar shugaban ƙasa suka tsare shugaban Nijar Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tchiani ya hau mulki. Kwana huɗu bayan nan shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyakoki, aka hana jiragen fasinja shiga, aka riƙe kuɗin ƙasar da ke bankunan yankin, aka tsayar da ciniki. Nijeriya kuma ta katse wutar lantarki, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga nan take zuwa. Ba a ce ban da abinci ba, ba a ce ban da magani ba.

Motar haya ta sauke mu a Magama, gaba da Jibiya kaɗan. Wurin da na sani da hayaniya, 'yan dako na gudu, 'yan canji na kaɗa sefa da naira a hannu, na tarar da shi tsit kamar gidan makoki. Manyan motoci a jere a gefen titi, ƙura ta rufe gilasansu. Ƙarƙashin wata tirela wani direba ya shimfiɗa tabarma, ya kafa murhu da duwatsu uku, ya rataya wankinsa a jikin madubi. Na yi masa sallama, na tambaye shi hanya.

"Malam, hanya ai ga ta nan shimfiɗe," ya ce, "wucewa ce babu."

Ya ce ya daina lissafin kwanaki. Mai kaya na bugo waya yana faɗa kamar shi ya rufe boda, uwargida na bugowa tana cewa hatsi ya ƙare. Batir ɗin motar ya mutu, kuɗin guzuri ya ƙare tuntuni, mai shayi ma ya daina ba shi bashi, don shi ma mai shayin ba ciniki yake yi ba. Shi ya nuna mini inda 'yan acaɓa ke tsayawa, bayan wasu shaguna da aka garƙame.

Kuɗin da wani yaro ɗan acaɓa ya faɗa mini ya ninka abin da na saba biya a mota sau da yawa. Na yi ƙorafi. Ya ce, "Yallaɓai, mai ya yi tsada tun da aka cire tallafi, ga masu igiya a hanya, ga raina da nake sayarwa. Wanne zan rage maka?" Ban sake cewa komai ba. Wannan ƙasar daji ce da 'yan bindiga suka addaba shekara da shekaru, kuma rufe babban titi bai hana kowa tafiya ba, tura mutane kawai ya yi cikin dajin.

Muka kutsa cikin gonaki. Damina ta yi kyau a wajen, gero ya fi ƙarfin tsayin mutum, zangarniya na dukan fuskata. Ba mu kaɗai ba ne. Babura ne bi da bi, wani da buhun masara, wani da jarkoki, wata mata da goyo da ƙullin kaya a ka, an ɗauko ta ita da tsohuwa a babur ɗaya. Sau uku muna cin karo da igiya a gicciye. Wasu da kaki, wasu ko kakin babu. Kowanne sai an sa masa wani abu a hannu. Ɗaya ya ce in buɗe filas. Na buɗe, ya leƙa, ya ga kwalabe, ya dube ni ya ce, "Allah ya ba ta lafiya," ya karɓi kuɗinsa duk da haka.

Ban ga inda Nijeriya ta ƙare ba. Gero iri ɗaya, rumbuna iri ɗaya, gaisuwar manoma iri ɗaya. Sai da wayata ta yi ƙara, saƙo ya shigo da Faransanci, sannan na san mun tsallaka.

A Ɗan Isa na girgiza filas na ji ruwa na motsi. Gabana ya faɗi. Insulin ba ya son zafi, idan ya sha rana ƙarfinsa raguwa yake yi, kuma ba lallai ido ya gane ba. Na bi masu sayar da lemo da ruwan leda ina neman ƙanƙara. Wata mata da ke zaune gaban firjinta a buɗe, ta mayar da shi ma'ajiyar kwanuka, ta ji harshena ta yi dariya.

"Daga Katsina kake? Ƙanƙara ai ku kuka ɗauke mana ita."

Ba ƙarya ta yi ba. Layin da ke ba Maraɗi da Damagaram wuta daga Katsina ya taso. Na jiƙa rawanina na naɗe filas ɗin, na shiga wata tsohuwar mota da ta cika maƙil, muka kama hanya.

Ɗan Gwaggo na fari, taubashina, tela ne. Tun muna yara ba ma haɗuwa sai da tsiya. Yana hango ni ya miƙe ya ce, "Ga 'yan CEDEAO sun iso! Ina tankokin?" CEDEAO sunan ECOWAS ne da Faransanci. Na ce tankar tana cikin filas. Muka rungumi juna muna dariya, amma na lura ya rame. Injin surfaninsa mai aiki da lantarki yana lulluɓe da zane a lungu. Ya jawo tsohon keken ƙafa na mahaifinsa, ya sa masa mai, shi yake takawa. A kan tebur ga ƙyallaye ruwan lemo da fari da kore. Tutar Nijar yake ɗinkawa. Ya ce ita kaɗai ake saye yanzu, wani lokaci har da masu tambayar ta Rasha. Mutumin da na sani bai taɓa damuwa da wanda ke mulki a Yamai ba, ranar nan sai da ya yi mini lacca a kan Faransa da yuraniyom har shayi ya huce.

Ni ba mai son juyin mulki ba ne, na faɗa masa a fuskarsa, kuma tsare mutum da iyalinsa ba shari'a zalunci ne ko wa ya yi shi. Amma hikimar takunkumi, in na fahimce ta, ita ce a matse talaka har ya juya wa masu mulki baya. A shagon nan akasin haka na gani. Yunwar ta zo, haushin kuwa Abuja da Faris ya nufa.

Gwaggo tana kwance a rumfa a kan tabarma. Ta ɗago ta ce, "Mai sunan Malam, kai ne da kanka? Wa ya ce ka biyo dajin nan?" Ba ta taɓa kiran sunana ba, don sunan mahaifinta ne. Jikarta ta karɓi kwalaben ta kai su inda suke ajiya, wato wani ƙaramin tulu da aka binne rabinsa cikin jiƙaƙƙen yashi a bayan randa. Firjin gidan ya zama kabad.

A nan na ji yadda abin ya faru. Kafin takunkumin, yawancin maganin Nijar ta tashar jirgin ruwan Kwatano yake shigowa, ya hau mota ya ratsa Benin, ya tsallaka gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya. Da aka rufe gadar sai motoci suka yi cirko-cirko a can. Hanyar da ta rage ita ce ta Lome a ratsa Burkina Faso, cikin ayari da rakiyar soja saboda masu tayar da ƙayar baya, ga nisa ga tsada. Taubashina ya zaga farmasi bayan farmasi da takardar likita. Inda ya samu, kuɗin ya fi ƙarfinsa, banki kuma an ƙayyade abin da mutum zai cira, sai ka yini a layi. Sai Gwaggo ta yi dabara irin ta tsofaffi, ta riƙa raba allurar yini ɗaya ta yi mata kwana biyu, ba ta gaya wa kowa ba. Makonni ta yi a haka.

Da dare muka zauna a tsakar gida da fitilar waya, sauro na ta shagali, ƙarar janareton wani mai hali na zuwa daga nesa. Rediyo na maganar rundunar ko-ta-kwana da ECOWAS ta ba da umarnin shiryawa tun 10 ga Agusta. Hafsoshin soja sun yi taro a Abuja, sun yi a Akara. Na yi ta tunanin abin da taro ɗaya irin wannan ke ci, jirage da masauki da alawus, da yawan kwalaben da zai saya. Gwaggo ta katse ni.

"Yaron nan na wajen ƙaninka, mai aikin soja, yana ina yanzu?"

Na ce yana Barno.

"To idan aka ce su zo, nan zai harbo?"

Ba wanda ya amsa. Garin da muke zaune a cikinsa Katsinawa ne suka kafa shi bayan jihadi, sarkinsa ma har gobe Sarkin Katsina ake ce masa. Gulbin da ya ratsa gefen garin daga ƙasar Katsina ya taso, ya zaga ta Maraɗi ya sake komawa Nijeriya. A ƙauyukan jihar Maraɗi kuma ga dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina da suka gudo daga 'yan bindiga, waɗannan mutanen da muka yanke wa wuta su suka ba su masauki. Shi ya sa ban yi mamaki ba da majalisar dattawan Nijeriya ta ƙi goyon bayan yaƙin, malamai da sarakuna suka yi ta zarya zuwa Yamai.

Kwana biyu na yi. Da zan tafi Gwaggo ta sa aka wanke filas aka cika shi da fura, ta haɗa mini da ƙullin aya. Na ce ta bar shi, su da ke cikin wannan hali. Ta ce ba a mayar da kwano haka nan, ko an rufe boda.

Sau huɗu na sake bin gonakin nan, har aka girbe geron, hanya ta zama fili babu wurin ɓuya. A watan Oktoba gwamnatin sojan ta zabge kashi 40 cikin 100 na kasafin kuɗin shekarar. Ranar 28 ga Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ce sun fice daga ECOWAS. Ranar 24 ga Fabrairu aka ɗage takunkumin, Tchiani na kan kujerarsa, Bazoum na tsare inda yake. A watan Maris aka buɗe boda.

Na koma a mota, ta kan kwalta, ban yi awa biyu ba. Akwai wuta a gidan, firji na ƙugi. Na yi sallama na durƙusa gabanta, rana tsaka, tsakanina da ita bai fi kamu uku ba. Ta juyo da fuskarta wajen da ta ji motsi, ta miƙo hannu tana lalube.

"Wane ne?"

"Ni ne, Gwaggo."

"Mai sunan Malam," ta ce. "Matso in taɓa ka."