Daren da Hamlet ya mayar da takobinsa kube

Duk wanda ya zauna ajin adabin Turanci ya ji wannan hukunci: wai Hamlet, jarumin wasan kwaikwayon Shakespeare, mutum ne mai inda-inda, kuma inda-indar ce ta kai shi kabari. Fim ɗin da Laurence Olivier ya yi a 1948 ma da haka ya buɗe, murya tana shaida wa 'yan kallo cewa ga labarin mutumin da ya kasa yanke shawara. Ɗalibaina kan haddace jimlar, su juye ta a takardar jarrabawa, su ci maki. Ni kuwa duk lokacin da na sake koyar da wasan sai in ji an yi wa yaron nan kuɗin goro. Jinkirinsa iri biyu ne. Ɗaya ina tsaya masa a kai, ɗayan kuma har yau yana ci mini rai.

Shakespeare ya rubuta wasan ne wajen shekarar 1600. Hamlet yariman Denmark ne, ɗalibi a Wittenberg ta ƙasar Jamus. Ya dawo fadar Elsinore saboda rasuwar mahaifinsa, sai ga baffansa Claudius ya hau karagar mulki, ya kuma auri mahaifiyarsa Gertrude, wata biyu ba su cika ba da yin jana'iza. A wurinmu ko takaba ba ta fita ba ke nan, a Ingilar wancan zamani kuwa auren matar ɗan'uwa kansa haramun ne a idon coci. Ana cikin haka fatalwar mahaifin ta bayyana masa da dare a kan ganuwa, ta ce ba maciji ne ya sare shi ba kamar yadda aka baza a gari, ƙaninsa ne ya ɗiga masa guba a kunne yana barci a lambu. Ta ce ya ɗaukar masa fansa.

To a nan ne ake fara zarginsa da jan ƙafa, ni kuwa ban ga laifinsa ba. Wane mai hankali ne zai kashe sarki mai ci, ɗan'uwan ubansa ciki ɗaya, don kawai wani abu ya yi masa magana cikin duhu? Hamlet da bakinsa ya ce abin da ya gani zai iya zama Iblis ne ya ɗauko siffar mahaifinsa don ya jefa shi halaka. Kuma 'yan kallon Landan na lokacin sun fahimci damuwarsa fiye da mu. Fatalwar ta ce tana shan azabar wuta ta wani ɗan lokaci har zunubanta su kankare, wato aƙidar 'yan Katolika, wadda cocin Ingila ya riga ya yi watsi da ita. Wittenberg kuwa garin Martin Luther ne, inda bore ga Katolika ya tashi a 1517. Yaron da ya yi karatu a can dole ya yi kokwanto. Shi ya sa ya nemi hujja: ya sa 'yan wasan kwaikwayo da suka zo fada su nuna kisan wani sarki da guba a kunne, ya ce wa amininsa Horatio ya zuba wa fuskar Claudius ido. Da aka zo wurin zuba gubar, sarki ya miƙe zumbur, ya ce a kawo haske, ya fice. Wannan bincike ne, kuma na mai tsoron zubar da jinin da bai halatta ba.

Abin da ya biyo baya a daren nan shi ne inda zuciyata take karyewa. Hamlet na kan hanyarsa ta zuwa ɗakin mahaifiyarsa, sai ya tarar da Claudius a durƙushe yana addu'a, shi kaɗai, ba dogari ko ɗaya, ya ba shi baya. Ga hujja ta tabbata, ga takobi a hannu, har ya zare. Sai ya tsaya. Ku saurari dalilinsa da kyau, don babu tausayi a ciki, babu shakka kuma. Cewa ya yi idan ya kashe shi yana tsakiyar tuba, aljanna zai aika shi, alhali shi ya ɗauke mahaifinsa bagatatan da zunubansa a ka, bai samu damar tuba ba. Gara ya jira ranar da zai same shi a buge da giya, ko a wurin caca, ko yana zage-zage, ya kashe shi a haka don ransa ya zarce wuta. Ya mayar da takobi kube ya wuce.

Ran mutumin bai ishe shi ba, lahirarsa ma yake so ya yanke wa hukunci, abin da ba hurumin ɗan Adam ba ne. Kuma Shakespeare bai tausaya mana ba: Hamlet na fita Claudius ya tashi ya ce kalmominsa sun tashi sama amma tunaninsa na nan ƙasa. Addu'ar ba ta yiwu ba tun farko, don ya san ba zai saki sarautar da matar da ya yi kisan dominsu ba.

Mintoci kaɗan bayan haka, wannan mai dogon lissafi ya ji motsi a bayan labule a ɗakin uwarsa, bai ko leƙa ba ya soka takobi. Tsoho Polonius ne, babban mashawarcin sarki, uban Ophelia, yarinyar da Hamlet yake so. Shi ya sa kalmar inda-inda kaɗai ba ta ɗauke mini halinsa. Inda ya ga mai laifi ido da ido ya tsaya dogon nazari, inda bai san wa ke ciki ba ya yi gaggawar da muke cewa aikin Shaiɗan ce. Daga wannan sukar komai ya kwance. Aka tura shi Ingila da wasiƙar a sare masa kai, ya sauya ta a cikin jirgin ruwa, aka kashe Rosencrantz da Guildenstern, tsofaffin abokansa da sarki ya sa su raka shi, a madadinsa. Ophelia ta zautu, ta nutse a rafi. Kafin ya mayar da takobin nan mutum ɗaya ne ya kamata ya mutu. Zuwa ƙarshen wasan takwas ne.

Ɗalibai kan ce mini ai da Laertes ne da tuni an wuce wurin. Gaskiya ne, ɗan Polonius bai ɓata lokaci ba: ya dawo daga Faransa, ya zo da gungun jama'ar gari suka fasa ƙofar fada, har ya ce ko a cikin coci zai yanka Hamlet. Amma saurin nasa ne ya ba Claudius damar mayar da shi karen farauta, har shi da kansa ya kawo shawarar shafa wa takobinsa guba a wasan da aka ce na zumunci ne, kuma takobin ne ya kashe shi shi ma. A tsohon labarin da Saxo Grammaticus, marubucin tarihin Denmark, ya rubuta wajen 1200, wanda shi ne tushen wannan, jarumin mai suna Amleth ya yi haukan ƙarya, ya jira lokacinsa, ya banka wa zauren fada wuta, ya kashe baffansa ya hau mulki. Shakespeare ya ɗauki wannan jarumi ya ɗora masa lamiri da tsoron lahira, sannan ya bar shi ya yi amfani da su a gurguje.

Har a ƙarshe ma ba shi ya tsara komai ba. Claudius ne ya shirya wasan takobin da kofin giya mai guba. Sai da Gertrude ta sha ta faɗi, sai da Laertes ya gaya masa cewa gubar ta riga ta shiga jininsa babu magani, sannan ya soki sarki ya ɗura masa sauran giyar. Horatio ya so ya kashe kansa ya bi Hamlet lahira, Hamlet ya hana shi, ya ce ya rayu ya ba da labari. Sarautar Denmark kuwa ta faɗa hannun Fortinbras na Norway, ɗan mutumin da mahaifin Hamlet ya kashe a fagen fama, wanda ya shigo fada yana dawowa daga yaƙin Poland ya tarar da gawawwaki a ƙasa.