Godiya ga nas-nas ɗin da suka tsaya kan Baba

Alhamdulillahi jama'a, an sallamo Baba daga asibiti kuma jiki da sauƙi sosai. Waɗanda suka kira, da masu turo saƙo, da waɗanda suka zo dubiya, wallahi ba zan iya lissafo ku ba, Allah ya bar zumunci.

Amma godiya ta musamman ga nas-nas take. Zafin rana ne ya buge shi, muna isa aka gwada jikinsa ya haura digiri 40, fata ta bushe ƙamas ba ɗigon gumi, yana ta sambatu bai gane kowa ba. Kafin likita ya ƙaraso wata Sista har ta sa an rage masa kaya, ta jiƙa tawul da ruwan sanyi ta ɗora masa a wuya da hammata da matsematsi, ta ce mu yi ta fifita kar mu tsaya, ɗayar kuma tana ta laluben jijiya za ta sa ƙarin ruwa ga jijiyoyin duk sun ɓuya, tana yi tana cewa "sannu Baba, yi haƙuri, saura kaɗan".

Sistar nan ce ta ce a kawo magungunansa ta gani. Ashe maganin hawan jinin da yake sha irin mai sa yawan fitsari ne, a lokacin zafi yana ƙara ƙarar da ruwan jiki. Ta ja mana kunne kar mu kuskura mu dakatar da shi da kanmu sai likita ya duba, kuma tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, a riƙa miƙa masa ruwa ko bai nema ba, in fitsari ya yi duhu to jiki na neman ruwa.

Ni dai a wannan ɗakin na yarda sauyin yanayi ya shigo har gadon asibiti. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta yi ƙiyasin daga 2030 zuwa 2050 za a riƙa samun ƙarin mutuwar mutum kusan 250,000 duk shekara saboda zafi da tamowa da gudawa da zazzaɓin cizon sauro. To wa ke fara karɓar waɗannan marasa lafiyar? Nas-nas ɗin ne dai, in zafi ya wuce ambaliya ta zo da kwalara, su ne a tsaye dare da rana, su ma fa zafin na dukansu. Don Allah masu tsara yadda za a tunkari abin nan ku riƙa zama da su, ku wadata su da ruwa da wuta da kayan aiki.

Sista, ko sunanki ban samu na tambaya ba saboda ruɗewa. Allah ya saka muku da alheri ke da abokan aikinki, ya jiƙan magabatanku, ya raya muku zuri'a. Baba ya ce a gaishe ku.