Wasiƙa daga Manchesta: Yaron da ke motsa baki a bayan aji

Assalamu alaikum 'yan'uwana malaman firamare, da iyayen yara da ke gida.

Ina gaishe ku daga Manchesta ta ƙasar Ingila, inda hunturu ya kankama har rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma. Da fatan kaka ta yi albarka, iyali kowa lafiya.

Kafin in zo nan, shekara tara na yi ina koyar da aji uku da aji huɗu a wata firamaren gwamnati a jihar Katsina. Yanzu ina aikin mataimakin malamar aji huɗu a wata makaranta a nan, kuma abin da nake gani kullum ya tono mini wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kun san yadda muke koyar da jadawalin sau. Malam ya tsaya da sanda a gaban allo, yara tamanin su ɗauka da murya ɗaya: biyu sau ɗaya biyu, biyu sau biyu huɗu, har rufin kwano ya riƙa amsawa. Hedimasta ya wuce ta taga ya ji daɗi, malam ma ya ji daɗi. Amma a cikin tamanin ɗin nan akwai waɗanda baki kawai suke motsawa, sun fake a muryar jama'a. Ba na gano su sai ranar jarrabawa, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe. Har yau fuskokin wasunsu suna dawo mini.

A Ingila, tun 2022 ya zama dole kowane ɗan aji huɗu a makarantun gwamnati ya yi wani gajeren gwaji na jadawalin sau a kwamfuta cikin watan Yuni: tambaya 25, kowace a amsa ta cikin daƙiƙa 6, har zuwa 12 sau 12. Saboda haka makarantu da yawa suka rungumi manhajojin wasa don yara su saba. A tamu, yaro yakan shiga da sunansa, ya zaɓi ɗan zanen da zai wakilce shi, ya amsa tambayoyi, ya tara kuɗin wasa ya saya masa riga ko hula, ajinmu kuma ya yi gasa da ajin da ke kusa. Rububinsa yara suke yi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne shafin da malama ke buɗewa ita kaɗai. Manhajar tana ajiye kowace amsa da yaro ya danna, daidai ko kuskure, da tsawon lokacin da ya ɗauka. Sai ta fitar da wani zane mai gida 144 ga kowane yaro: kore inda ya iya, ruwan ɗorawa inda yake tangarɗa, ja inda ya cije. Wannan shi ne abin da masana ke kira nazarin bayanan koyo.

Wata Litinin da safe, kafin yara su shigo, malamar ta duba ta ga yara huɗu duk jansu ya taru a wajen shida da bakwai da takwas. Ta ce in zauna da su minti goma a teburin lungu. Ɗaya daga cikinsu, duk lokacin da aka ce bakwai sau takwas, 54 yake cewa. Ashe da shida sau tara yake rikita shi. Muka jera 'yan ƙwayoyin ƙirga layi bakwai, takwas-takwas. Na sa hannu na raba, biyar nan, biyu can. Ya ce arba'in, ya ce sha shida, ya yi shiru, sannan ya ɗago kai ya ce hamsin da shida da ƙarfi har ajin ya waiwayo. Kwamfutar ta nuna inda ƙayar take, cirewa kuwa sai da aka zauna da shi.

Sai dai kuma zanen nan yakan yi ƙarya. Akwai yarinyar da gidajenta duk suka zama kore cikin mako biyu, amma a aji uku sau huɗu ya gagare ta. Da malamar ta lallaɓa ta, sai ta fashe da kuka: yayanta ne ke yi mata da dare, don kada a ce ita ta ja wa ajin faɗuwa a gasa. Wani yaron kuma ya iya lissafin sarai, amma da ya ga agogo na ƙirgawa sai hannunsa ya kama rawa. Aka mayar da shi wasan da babu agogo, jansa ya fara gushewa. Manhaja abin da aka danna kaɗai ta sani. Malamar da ta san ɗalibanta ce ta gano duka biyun.

Shi ya sa gabana ke faɗuwa idan na ji ana cewa maganin matsalarmu shi ne a sayo kwamfutocin hannu a raba. A makarantar da babu wuta, yara na zaune a ƙasa, cikin zango ɗaya za su koma kabad ɗin hedimasta. Ko ƙasar Suwidin, wadda ta yi nisa a wannan harka, a 2023 gwamnatinta ta ja baya ta ware kuɗi don mayar da littattafan takarda ajujuwa. Makarantun kuɗi da ke da hali, su yi amfani da irin su Kahoot, manhajar wasan tambayoyi da ta fito daga ƙasar Norwe a 2013, babu laifi. Sai dai iyaye ku tambaya: sunan ɗana da makinsa, wa ke riƙe da su, kuma wa ake ba? Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuna da hurumin yin tambayar.

Ni dai na lura asalin dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malamin makarantar allo ya san inda kowane almajiri ya tsaya, kuma ba ka wanke allonka sai ka biya masa kai kaɗai. Wasanni kuwa muna da su: dara mai gida talatin da 'ya'ya goma sha biyu-biyu, carafke, kacici-kacici. A Indiya ƙungiyar Pratham ta gina tsarin da ake gwada yaro shi kaɗai da baki, a ga ko harafi ya sani, ko kalma, ko yana iya karanta labari, sannan a haɗa shi da sa'o'insa a karatu maimakon a shekaru. An kawo tsarin wasu jihohin Arewa, har da Borno, kuma ba ya buƙatar caji.

Ga roƙona gare ku, malamai. Ku sa yara su tara marafan kwalba da kwalayen taliya. Kowane yaro ya riƙe ɗan kwali da gawayi ko alli. Ku raba aji gida huɗu, ku jefa tambaya, kowa ya rubuta, a ɗaga tare, gidan da ya fi yawan daidai ya ci marfi. Yayin da suke ihun murna, ku idonku na kan waɗanda suka ɗaga kuskure ko suka ɗaga kwali babu komai. Ku samu littafi guda, sunaye a gefe, darussa a sama, ku ɗiga alama a gaban sunan. Ko yara goma kuka kama a rana, kafin mako biyu kun zagaye ajin.

Amma don Allah kada littafin nan ya zama na bulala, kada kuma a karanta shi a gaban aji. Da zarar yaro ya gane kuskurensa zai ja masa duka ko dariya, zai koma leƙen kwalin na kusa da shi, kamar yadda yarinyar nan ta koma ga yayanta. Ranar Juma'a ku duba shi, ku zaɓi biyar da alamarsu ta taru wuri guda, Litinin ku zauna da su minti goma a gindin darbejiya da marafan kwalba, sauran kuma monita ya ci gaba da wasan da su.

Ku gaishe mini da yaran.

Wassalam,
Ɗan'uwanku malami a Manchesta.