Wasiƙa daga Ingila: a tukunya kuɗin yake saura

Assalamu alaikum 'yan uwa, yayye da ƙanne, da fatan kowa yana lafiya, ya iyali ya aiki. Gaisuwa mai tsawo sai mun haɗu insha Allah. Abin da ya sa na zauna rubutun nan tambaya ɗaya ce da ake ta maimaita min a WhatsApp, wai yaya mutum yake iya ajiye wani abu a ƙasar nan da komai sai da fam, musamman ƙannenmu masu shirin zuwa karatu. Zan yi maganar girki, in samu dama in taɓo naman halal da kuma bitamin D da ake sha lokacin sanyi.

Haya ba ka da iko a kanta, kuɗin bas ko jirgin ƙasa haka, harajin kansul ma, wato na ƙaramar hukuma, idan ya hau kanka sai ka biya. Wurin da hannunka yake kaiwa kawai shi ne abin da za ka ci. Kuma ɗalibi mai biza awa 20 kacal aka yarda ya yi aiki a sati lokacin da makaranta take ci, to ka ga kuɗin a ƙirge yake tun kafin ya shigo. A watan Maris na 2023 hauhawar farashin abinci a nan ta haura kashi 19 cikin 100, rabon da a ga irin haka an fi shekara 40, kuma ko da aka ce ta sauka, gudun tashin ne ya ragu, kayan ba su koma kuɗinsu na da ba.

Amma wallahi abin da na gani da idona, gajiya da sanyi sun fi tsadar kanti cinye kuɗin mutane. A Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, ka taso daga aiki cikin duhu da yayyafi, yatsunka sun sandare har makulli yana gagarar ka, ka shiga kicin ka tarar da shi kamar cikin firij, a wannan lokacin babu mai sha'awar yanka albasa, sai ka ga hannu ya tafi kan waya an danna odar abinci, ga kuɗin abincin ga kuɗin kawowa ga wani kuɗin hidima da suke ƙarawa a ƙasa, abin da zai ciyar da kai kwana biyu ko uku ya tafi a dare ɗaya, kuma rabinsa mai ne da gishiri. Shi ya sa ni ranar hutu nake yin girkina, babbar tukunya, wake ko lentil (wani ƙaramin dangin wake) da tumatirin gwangwani da albasa da karas da kabeji, in raba a robobi, na kwana biyu a firij, sauran a firiza in rubuta kwanan wata a jikin murfin. Idan na dawo a gajiye minti biyar a makrowef ya wadatar. Gas ma ya fi sauƙi a haka, tun da farashin makamashi ya yi tsalle a 2022 kowa ya koyi kallon ɗan allon mitar da ke nuna fam nawa ka ƙona yau, kuma kunna oban don abincin mutum ɗaya asara ce. Rufe tukunya da murfi, jiƙa wake tun dare.

Yanzu abin da ya fi ci min rai, zubar da abinci. Akwai wani ɗan uwa da muka taɓa zama gida ɗaya, na gan shi ya ɗauki ledar dankali da burodi lafiyayyu ya jefa a shara don kawai kwanan watan da ke jiki ya wuce da kwana ɗaya, raina ya ɓaci sosai, don na san awa nawa ya tsaya a ƙafarsa kafin ya samu kuɗinsu. Kwanan wata iri biyu ne a jikin kayan abinci a nan. Na farko, wanda ake rubuta "use by", na lafiya ne, shi ake sa wa nama, kifi da makamantansu, wannan ba a wasa da shi, in ya wuce ya wuce, sai dai in ka sa a firiza kafin ranar. Na biyu, "best before", na inganci ne kawai, yana nufin abin ya fi daɗi kafin ranar, taliya, shinkafa, gwangwani, burodi, duk ana ci bayansa matuƙar ba su lalace ba. Ruɗanin ya kai har manyan kantuna suka fara cire na biyun daga kayan lambu da 'ya'yan itace, Tesco a 2018, Marks & Spencer da Waitrose a 2022, don mutane su riƙa amfani da idonsu da hancinsu. Ku ma a gida don Allah a duba abin da ake kwashewa daga faranti zuwa bola kowane dare, kuɗi ne aka saya.

Shinkafa dai a kiyaye. Shawarar hukumar lafiya ta NHS ita ce a huce ta da wuri, cikin awa ɗaya in zai yiwu, kar ta wuce kwana ɗaya a firij, kuma sau ɗaya ake ɗumama ta ta yi zafi har ciki. Jan wake busasshe kuma sai ya tafasa sosai aƙalla minti 10, in ba haka ba yana ɓata ciki.

A kanti, ko Aldi ko Lidl ko wani, kar ka tsaya a babban farashin, akwai ƙaramin rubutu a ƙasa mai nuna kuɗin kilo ɗaya ko giram 100, da shi ake gane mai araha na gaskiya. Da yamma suna manna rawayar sitika a kayan da ranarsu ta kusa, a rage kuɗi, ka saya ka wuce da shi firiza kai tsaye. Kayan lambu daskararru ba abin raini ba ne, amfaninsu na nan kuma ba sa ruɓewa a hannunka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, gishiri kuma ƙasa da giram 5, kuma mai girki da hannunsa ne kaɗai ya san nawa ya barbaɗa.

Naman halal akwai shi a yawancin manyan garuruwa, cinyar kaza ta fi ƙirji araha, sauran bayanin sai wani jiƙon. Bitamin D kuma ana ba da shawarar maikrogiram 10 a rana a watannin sanyi, masu duhun fata irinmu ma har duk shekara. Masu tahowa a Satumba, ku koyi girki uku ko huɗu a wurin su Mama kafin ku hau jirgi, ku tsaya a kansu ku ga yadda ake yi tun daga farko har a sauke. A gaida kowa da kowa.