Muryar Gwaggo da na goge da hannuna

Gwaggo, yayar mahaifina, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san yadda gidanmu ya taso daga ƙasar Damagaram ya zauna a gefen Daura. Da hutun babbar sallah na je ƙauye takanas don in ɗauki muryarta a waya. Bayan la'asar muka zauna a ƙofar ɗakinta, tana ɓarar gyaɗa a faifai tana ba ni labari. Ta jero kakanni bakwai da sunayensu, ta faɗi wanda ya haƙa rijiyar bayan gida, har ta rera waƙar da suke yi in ana daka. Na kife wayar a kan tabarma ban duba caji ba. Ko da na ɗauko ta, tuni ta mutu.

Da dare na kai ta wurin mai cajin waya. Fayil ɗin yana nan, da .m4a a ƙarshen sunansa, nauyinsa megabayit 41, amma tsawonsa 00:00, kuma ya ƙi buɗewa. Na sauya sunan zuwa .mp3, shiru. Mai cajin ya leƙa ya ce, "Yallaɓai, wannan ya ƙone. Goge shi kawai, gobe ka sake ɗauka." Ga waya tana ta kukan wuri ya cika. Na goge, na kuma share kwandon shara don in samu fili.

Washegari Gwaggo ta tashi da ciwon ƙafa. Da na roƙe ta ta maimaita sunayen sai ta ce, "Kai ɗan nan, ba jiya na faɗa maka ba?" Ta kama labarin farin 1973, yadda shanu suka ƙare, yadda mutane suka riƙa gangarowa daga arewa. Wannan karon na jona wayar da fawa banki, amma rana ta juyo kan tabarmar, wayar ta yi zafi ta kashe kanta. Fayil na biyu, megabayit 67, shi ma 00:00. Baƙin ciki ne ya hana ni ko taɓa shi. Bayan wata huɗu Allah Ya yi wa Gwaggo rasuwa.

Sai bayan sadakar arba'in na zauna da fayil ɗin a kwamfuta. Manhajojin kunna sauti da gyara shi, VLC da Audacity, suka ƙi, shafukan intanet masu juya sauti suka cinye mini data a banza. Da na ba FFmpeg, wata manhajar sarrafa sauti da bidiyo, shi ne ya faɗi ciwon da sunansa: "moov atom not found". Daga nan na fahimci abin da ya faru. M4A akwati ne, sautin da ke ciki AAC ne, kuma yana zaune a wani sashe mai suna mdat. Akwai wani sashen, moov, wanda shi ne fihirisar da ke gaya wa manhaja inda kowane guntun sauti ya fara da saurin da za a karanta shi. Manhajar ɗaukar murya ba ta rubuta wannan fihirisa sai ka danna tsayarwa. In waya ta mutu kafin nan, hatsi na cikin rumbu, ƙofa ce kawai babu. Shi ya sa sauya suna bai yi komai ba, kuma shi ya sa masu juyawa suka kasa: ba a juya abin da ba a buɗe ba.

Ina karanta wannan bayani gabana na faɗuwa, domin megabayit 41 ɗin nan kusan minti arba'in ne na muryarta, lafiya lau, ni na share su.

Gyaran bai kai wahalar da na zata ba. Na yi kwafi uku tukuna. Na buɗe ɗaya da HxD, manhajar da ke nuna ɗanyen abin da ke cikin fayil, na nemo haruffan mdat, na yanke duk abin da ke gabansu har da su kansu, na adana. Sauran na miƙa wa wata ƙaramar manhaja, faad, ta fitar da WAV, wato sautin da ba a matse ba, da ya haura megabayit 400. Na danna. Ga ƙarar gyaɗa a faifai, ga zakara daga nesa, ga magana. Sai dai muryar ta yi kauri tana jan jiki, kamar ta wani dattijo. Na ɗauka sautin ya lalace ne. Ashe da fihirisar ta ɓace, faad ya ɗauka an naɗi sautin a kan saurin ɗauka sau 44,100 a daƙiƙa, alhali wayata a kan 48,000 take ɗauka. Na gano haka ne da na duba bayanan wani lafiyayyen fayil daga wayar. Na gyara adadin a Audacity, muryar Gwaggo ta dawo sak, har da 'yar dariyar nan tata ta hanci. Mahaifina ya saurara har ƙarshe bai ce uffan ba, sannan ya ce in sa masa a wayarsa. Na yi masa MP3, na ajiye WAV ɗin da asalin fayil ɗin a wuri biyu.

Yanzu in zan ɗauki muryar tsoho, WAV ko MP3 nake zaɓa, domin su ko an katse su a tsakiya galibi ana iya ceto abin da ya riga ya shiga. Ina tsayarwa duk bayan minti goma sha biyar in fara sabo, ina rufe layi kada kira ya shigo, wayar kuma a inuwa. Duk wanda ya kawo mini fayil mai nauyi da ya ƙi buɗewa, abin da nake fara ce masa shi ne kada ya goge, ko wa ya ce masa ya ƙone.

Fayil na farkon da na goge, na bi shi da manhajojin dawo da abin da aka share har guda uku, ba su samo ko ƙurarsa ba. Cikin kakanni bakwai ɗin, ni da mahaifina da baffana mun haɗa huɗu. Na biyar har yau suna gardama a kansa.